Jinin Mai Ciki a Gaban Alƙali: Rikicin Haƙƙin Mallakar Gwajin Ɗan Tayi

A shekarar 1997 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani gajeren rahoto daga Jami'ar Oxford ta Ingila. Dennis Lo da James Wainscoat da abokan aikinsu sun ɗebi jinin mata 43 masu juna biyu, suka raba ruwan jinin da ƙwayoyinsa, suka nemi alamar kuromosom Y a cikin ruwan. Mace ba ta da Y. In an gan shi a jininta, to daga ɗa namijin da take ɗauke da shi ya fito. Cikin mata 30 masu ɗauke da ɗa namiji an ga alamar a ruwan jinin 24, kuma da ɗigon da bai wuce maikurolita 10 ba. Sauran 13 masu ɗauke da 'ya mace ba a ga komai a nasu ba.

Kafin nan masu bincike sun shafe shekaru suna farautar cikakkun ƙwayoyin ɗan tayi da kan ɓalle su shiga jinin uwa. Ƙwayoyin ba su da yawa, samunsu jan aiki ne, ruwan jinin kuwa zubar da shi ake yi. Ashe abin da ake nema yana cikin abin da ake zubarwa. Amfanin wannan a asibiti a fili yake. Hanyoyin tabbatar da lafiyar kuromosom ɗin ɗan tayi biyu ne, kuma kowacce sai an shiga mahaifa: ko a ɗebo ɗan yankin mabiyiya wajen mako na 11 zuwa 14, ko a zuƙo ruwan da ɗan tayi ke kwance a ciki daga mako na 15. Dukansu suna da ɗan haɗarin ɓari. Jinin hannu ba shi da wannan haɗarin.

Daga wannan bincike aka samu babbar kasuwa, aka kuma samu shari'o'in da suka ci fiye da shekara goma a kotunan Amurka da Ingila da Ostiraliya. Wanda ya bi su tun daga tushe zai lura da wani abin mamaki. Takardar haƙƙin ƙirƙira da ta kare ainihin binciken ta mutu a Amurka, amma takardun da suka kare ƙananan matakan ɗakin gwaji, irin su tsawon guntun DNA da sinadarin da ake zubawa a kwalbar jini, su suka rayu har suka kawo kuɗi. Dalilin ba zai fito ba sai an san yadda gwajin yake tafiya, domin kusan kowane mataki akwai wanda ya ce nasa ne.

Abin da ke faruwa da jinin

DNA ɗin da ake cewa na ɗan tayi, a haƙiƙa daga mabiyiya yake fitowa. Ƙwayoyin mabiyiya suna mutuwa wasu na maye gurbinsu, guntayen DNA ɗinsu na zuba cikin jinin uwa su gauraya da nata guntayen. Daga mako na 10, kason ɗan tayi yakan kai kimanin kashi 10 cikin 100 na duk DNA ɗin da ke yawo a ruwan jinin. Ɗakunan gwaji da yawa ba sa ba da sakamako in kason ya gaza kashi 4, abin da ya fi faruwa in cikin bai yi ƙwari ba ko uwar tana da ƙiba sosai. Bayan haihuwa guntayen suna ɓacewa cikin kwana ɗaya ko biyu, saboda haka cikin da ya gabata ba ya gurɓata gwajin na yanzu.

Ana ɗibar mililita 10 zuwa 20 daga jijiyar hannu. Matsalar farko fararen ƙwayoyin jinin uwar ne. In jinin ya daɗe a ajiye, ko ya sha zafi da jijjiga a hanya, sai su fashe su zubar da nasu DNA, kason ɗan tayi ya nutse a ciki. Da kwalbar yau da kullum mai EDTA, sinadarin hana jini daskarewa, dole a raba jinin cikin awanni kaɗan, kamar shida. Da kwalba mai sinadarin hana fashewa, jinin yana iya yin mako guda a hanya. Ana juya shi a na'ura sau biyu: da farko a ƙarfin 1,600 g (wato ninki 1,600 na ƙarfin janyowar ƙasa) na minti 10, don ƙwayoyin su kwanta ba tare da sun fashe ba, sannan a ƙarfin 16,000 g don share ragowar tarkace.

Daga nan hanya ta rabu. In abin da ake nema uwa ba ta da shi sam, kamar Y, ko ƙwayar halittar RhD a jikin uwar da jininta ba shi da sinadarin Rhesus, aikin ba wuya: a ninka wurin da PCR, wato dabarar yawaita kwafin DNA, a duba ko yana nan. Lalurar Down ba haka take ba. Uwa tana da kuromosom 21, ɗan tayi ma yana da shi, sai dai nasa uku ne maimakon biyu. Dole sai an ƙirga. Na'ura tana karanta miliyoyin guntaye, kwamfuta ta mayar da kowanne ga kuromosom ɗin da ya fito, a duba ko rabon na 21 ya haura. Ƙarin da ake nema rabin kason ɗan tayi ne. A ɗauka, don misali, an karanta guntaye miliyan 10 kuma ana sa ran 130,000 daga kuromosom 21. In kason ɗan tayi kashi 10 ne kuma yana da lalurar, za a ga kusan 136,500. In kason ya sauka zuwa kashi 4, ƙarin 2,600 ne kacal, kuma a nan ne karkatar na'ura da bambancin samfuri ke fara iya haɗiye shi.

Gwajin yana kama fiye da kashi 99 cikin 100 na lalurar Down, amma na tantancewa ne. Mabiyiya tana iya samun kuromosom uku alhali ɗan lafiyarsa ƙalau. Tagwayen da ɗaya ya lalace tun farkon ciki, ko wani ƙari a jikin uwar, suna iya ba da sakamakon ƙarya. Shi ya sa ba a yanke shawara kan ciki sai an tabbatar ta hanyar allura.

Takardar Oxford da kalmomin da aka ƙara mata

Takardar haƙƙin ƙirƙira ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Ka bayyana wa duniya yadda abinka yake aiki, a ba ka shekara 20 daga ranar shigar da takarda ba mai amfani da shi sai da izininka. Ƙarfinta yana cikin 'yan jimlolin ƙarshe da ake kira da'awa. Su ne iyakar gonar, kuma alƙali ba ruwansa da wanda ya fi shan rana a noman, inda aka kafa dutse yake dubawa.

Kamfanin Isis Innovation, mai kula da haƙƙoƙin ƙirƙira na Oxford a lokacin, ya fara shigar da takarda a Ingila a watan Maris 1997. A Amurka an ba da ita a watan Yuli 2001 da lamba 6,258,540. Da'awarta ta farko gajera ce ƙwarai: a ɗauki ruwan jinin mai ciki, a ninka DNA ɗin ɗan tayi wanda ya gada daga uba, a gano yana nan. Kalmomin nan na gadon uba an ƙara su ne lokacin da ofishin rajista ke tantance takardar, domin abin da masu binciken suka nuna a aikace a wancan lokaci na gadon uba ne. Bayan shekaru sai lauyoyi suka yi ta ja a kansu.

A 2005 kamfanin Sequenom na San Diego ya karɓi lasisin takardar shi kaɗai. Ya yi mummunan tuntuɓe a 2009, sa'ad da ya amsa cewa bayanan gwajinsa na farko ba abin dogaro ba ne, ya sallami shugabansa da wasu manyan ma'aikata. Ya farfaɗo ya fitar da MaterniT21 a watan Oktoba 2011. Bai daɗe shi kaɗai a kasuwa ba. Verinata ya fito da verifi a 2012, Ariosa, wanda a da sunansa Aria, ya fito da Harmony a shekarar, Natera kuma ya biyo da Panorama a 2013. Farashin da aka rubuta a wannan lokaci ya kama daga dala 795 na Harmony zuwa fiye da dala 2,700 na MaterniT21. Dukansu huɗun a jihar Kalifoniya suke.

Ariosa bai jira a kai shi ƙara ba. A watan Disamba 2011 ya je kotun tarayya a San Francisco ya nemi ta bayyana cewa bai taka takardar ba. Natera da Verinata suka bi sahu a farkon 2012. Sequenom ya mayar da martani, ya nemi a dakatar da Harmony kafin a gama shari'a. Mai shari'a Susan Illston ta ƙi a watan Yuli 2012. Hujjar Ariosa ita ce shi ƙirga guntaye yake yi ba tare da sanin na uba ko na uwa ba, kuma kotun ta karanta “gadon uba” da ma'anar wanda aka san tun farko daga uba yake. A watan Agusta 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washington, wadda duk shari'o'in haƙƙin ƙirƙira na Amurka ke zuwa gabanta, ta ce wannan karatu ya yi ƙunci, ta mayar da maganar kotun farko. Sequenom ya ga alamar nasara. Bayan wata biyu da 'yan makonni takardar gaba ɗaya ta faɗi.

Hukuncin Mayo da abin da ya ja

Abin da ya kayar da ita ya faru ne a wata shari'a dabam. A watan Maris 2012 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci tsakanin asibitin Mayo da kamfanin Prometheus, kan wata takarda da ta ce a ba majiyyaci magani, a auna abin da maganin ya rikiɗe ya zama a jininsa, a gane daga adadin ko a ƙara ko a rage. Kotun ta ce dangantakar adadin da tasirin magani dokar halitta ce, ba mai mallakarta. Daga wannan hukunci, da na Alice a 2014, aka samu ma'auni mai hawa biyu a ƙarƙashin sashe na 101 na dokar haƙƙin ƙirƙira ta Amurka. Da farko a tambaya: da'awar ta doru ne kan wani abu na halitta? In haka ne, sai a duba sauran matakan: akwai sabon abu a cikinsu, ko aikin da kowa a fannin ya saba ne? A tsakanin biyun, a watan Yuni 2013, kotun ta ce a shari'ar Myriad ba a mallakar ƙwayar halittar da aka ciro daga jiki kawai don an ciro ta.

A ranar 30 ga Oktoba 2013 Illston ta ɗora wannan ma'auni kan takardar Oxford. DNA ɗin ɗan tayi a jinin uwa abu ne na halitta. Raba ruwan jini, PCR, da gano sakamako, duk sanannu ne a 1997. Saboda haka takardar ba ta da inganci. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a ranar 12 ga Yuni 2015. Mai shari'a Jimmie Reyna, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce hanyar ta fara da abin halitta ta kuma ƙare da abin halitta, kuma girman bincike shi kaɗai ba ya sa a ba shi takarda. Sequenom ya kawo shaidar cewa akwai wasu hanyoyin amfani da wannan DNA da takardar ba ta toshe ba. Kotun ta ce in da'awa ta faɗi a ma'aunin Mayo, wannan magana ba ta da sauran amfani.

Alƙalan kansu ba su ji daɗin abin da suka yi ba. Richard Linn ya sa hannu, amma ya rubuta daban cewa faɗin kalmomin Mayo ne ya ɗaure shi, ya kuma tuna cewa kafin wannan bincike ba wanda ke neman DNA ɗin ɗan tayi a ruwan jinin da ake zubarwa. Da aka nemi dukkan alƙalan kotun su sake zama a watan Disamba 2015, an ƙi, Pauline Newman ita kaɗai ta saɓa, amma Alan Lourie da Timothy Dyk sun bayyana damuwarsu a rubuce. A ranar 27 ga Yuni 2016 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren ƙarar.

A ganinmu kowane ɓangare yana da inda ya yi gaskiya, kuma an yanke hukuncin ne a wurin da bai dace ba. In za a cire binciken a ajiye gefe sannan a tambaya ko abin da ya rage sabo ne, kusan babu gwajin asibiti da zai tsira, domin gwaji mai kyau da kayan aikin da aka saba ake yinsa, sabon abin shi ne sanin me za a auna da inda za a neme shi. A ɗaya gefen, da'awar ta yi faɗi fiye da kima. Mutanen da suka nuna Y da PCR a 1997 za su riƙe wuyan hanyoyin ƙirgawa da ba a ƙirƙira ba sai bayan shekara goma, waɗanda takardarsu ba ta koyar ba. Doka tana da wani sashe, na 112, wanda aikinsa ke nan: a rage da'awa ta daidaita da abin da mai ita ya bayyana. Lourie da Dyk duk sun yi nuni da wannan. Da ta nan aka bi, da an datse takardar, ba a kashe ta ba.

Landan da Ostiraliya sun ga abin daban

Kusan haka aka yi a Ingila. Dokar Turai ta hana mallakar bincike tsagwaronsa, ta kuma hana mallakar hanyar gano cuta da ake yi a jikin mutum. Amma gwajin da ake yi kan samfurin da aka riga aka ɗebo, a ɗakin gwaji, bai shiga hanin ba, kuma binciken da aka mayar da shi aiki ya tashi daga bincike tsagwaro. A watan Nuwamba 2017 mai shari'a Henry Carr na Babbar Kotun Landan ya yanke hukunci a ƙarar da Illumina, kamfanin ƙera na'urorin karanta DNA, da Sequenom suka kai kamfanin Premaitha na Manchester, mai gwajin IONA, da kuma masu yin Harmony a Ingila. Ya ƙi hujjar cewa takardar Lo bincike ne kawai. Ya rushe wasu da'awoyinta saboda sun zarce abin da takardar asali ta bayyana, ya bar wasu, ciki har da ta gano jinsin ɗan tayi, ya kuma ce IONA ya taka wasu takardun dabam da suka kare hanyar ƙirgawa. A 2018 Premaitha ya sasanta, ya karɓi lasisi, ya amince ya mayar da gwajinsa kan na'urorin Illumina, ya sauya suna zuwa Yourgene Health.

Ostiraliya ta fi ba da sha'awa, domin babbar kotunta ta riga ta soke takardar Myriad a 2015, ana zaton za ta bi Amurka. Ba ta bi ba. Mai shari'a Jonathan Beach ya ce a watan Yuni 2019 takardar Lo hanya ce da ɗan Adam ya tsara mai amfani a aikace, cikakken zaman kotun tarayya ya tabbatar a watan Yuni 2021. Sai dai a nan ne wata kafa ta bayyana. Akwai lokacin da ake ɗibar jinin a Ostiraliya, a tura shi ɗakin gwajin Ariosa a Kalifoniya, a dawo da sakamako. Sequenom ya ce shigo da sakamakon daidai yake da shigo da kayan da aka yi da hanyarsa. Kotun ta ce sakamakon gwaji bayani ne, ba kaya ba. Ke nan an yi aikin a ƙasar da takardar ta mutu, an karanta amsar a ƙasar da take raye, kuma ba a taka ta ba. Duk wannan ma kan kuɗin baya ake yi, domin wa'adin takardar ya cika tun Maris 2018.

Wa ya riga wa fara ƙirgawa

Yayin da ake wancan, ana wani faɗan tsakanin jami'o'i biyu. A watan Oktoba 2008 Christina Fan da Stephen Quake na Stanford sun buga a mujallar PNAS cewa ana iya gano ƙarin kuromosom ta hanyar karanta guntayen jinin uwa barkatai a ƙirga. A watan Disamba na shekarar Rossa Chiu da Lo, wanda ya riga ya koma Jami'ar Sinawa ta Hong Kong, suka buga nasu a wannan mujallar. Takardun Stanford suna hannun Verinata, na Hong Kong suna hannun Sequenom.

Takardun da aka shigar a Amurka kafin 16 ga Maris 2013 suna ƙarƙashin tsohuwar ƙa'ida ta wanda ya fara ƙirƙira, saboda haka ofishin rajista ya buɗe zama na musamman don raba gardama. Quake ya riga shigar da takarda, amma jigon bayaninsa zaɓaɓɓun wurare ne da aka san su tun farko, da ɗan gajeren ambato na na'urorin karanta DNA masu yawa a lokaci guda. Daga baya ne aka rubuta da'awar karantawa barkatai. Tambayar ita ce ko bayanin farko ya nuna cewa wannan hanya tana hannunsa a ranar da ya shigar. Kwamitin ofishin ya ce a'a a 2014. Kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da maganar a 2017 saboda kwamitin ya dogara da shaidar da ba ta dace ba, kwamitin ya sake cewa a'a, kotun ta tabbatar a watan Yuli 2019. Ambaton na'ura a sakin layi ɗaya ko biyu bai isa ya zama bayanin hanya ba.

Kafin a kai nan, 'yan kasuwa sun riga sun gama nasu lissafin. Illumina, mai ƙera na'urorin da yawancin kamfanonin ke aiki da su, ya sayi Verinata a farkon 2013 kan dala miliyan 350 da alƙawarin ƙarin har miliyan 100. A watan Disamba 2014 shi da Sequenom suka janye ƙararrakin da ke tsakaninsu, suka haɗa takardunsu wuri ɗaya. Illumina ya biya dala miliyan 50, ya zama mai ba da lasisi ga sauran ɗakunan gwaji, ana karɓar kuɗi kan kowane gwaji ana rabawa. Daga nan, ɗakin gwajin da ke son farawa ƙofa ɗaya zai ƙwanƙwasa, wannan sauƙi ne. Amma mai ƙofar shi ne mai sayar da na'ura da sinadaranta, kuma yana da nasa gwajin a kasuwa.

Ariosa ya ɗanɗana wannan. Abokin cinikin Illumina ne, a na'urorinsa yake karanta zaɓaɓɓun wuraren da Harmony ke dubawa. A watan Afrilu 2014, ana gab da fara sayar da hannun jarinsa, Illumina ya kai shi ƙara, aka fasa sayarwar. Ariosa ya sauya fasahar karatu, kamfanin magunguna na Roche ya saye shi a ƙarshen shekarar kan dala miliyan 400 da alƙawarin ƙarin har miliyan 225. Sauyin bai cece shi ba, domin a watan Janairu 2018 masu taya alƙali yanke hukunci sun ce ya biya dala miliyan 26.7 kan takardu biyu. Sequenom kuwa, wata guda bayan Kotun Ƙoli ta juya masa baya, kamfanin gwaje-gwajen asibiti na LabCorp ya sanar da sayensa kan kimanin dala miliyan 371 har da bashi.

Tsawon guntu da sinadarin kwalba

Masu bincike a Basel ta ƙasar Suwizalan, ciki har da Sinuhe Hahn da Wolfgang Holzgreve, sun lura tun 2003 cewa guntayen ɗan tayi sun fi na uwa gajarta. Bincike na baya ya nuna na uwa sun fi taruwa a tsawon harafin DNA 166, na ɗan tayi a 143. Takardunsu biyu na Amurka sun ce a ciro DNA ɗin, a cire guntayen da suka wuce harafi 500, ko 300 a ɗayar, sannan a bincika abin da ya rage. Illston ta soke su a ƙarshen 2018 da irin hujjar baya. A watan Maris 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin. Lourie ya rubuta cewa wannan shari'a ba ta gano cuta ba ce, ta shirya samfuri ce: adadin 500 da 300 mutum ne ya zaɓe su, kuma cakuɗar da aka samu a ƙarshe babu irinta a jikin uwa. Reyna ya saɓa, yana ganin ba ta da bambanci da ta 2015. Da wuya a ce bai da hujja, tunda gajartar guntu ma halitta ce. Kotun Ƙoli ta ƙi shiga a 2021. Lauyoyi sun ɗauki darasin nan take: kada da'awa ta ƙare da “a gano”, a rubuta ta a matsayin hanyar haɗa wani abu, a sa mata lamba.

Mafi tsadar hukunci ya zo ne daga matakin farko, wato kwalba. Ravinder Dhallan, mai ƙaramin kamfanin Ravgen a jihar Maryland, ya buga a mujallar JAMA a 2004 cewa zuba sinadarin fomaldihaid a jinin yana hana ƙwayoyin uwa fashewa, kuma matsakaicin kason ɗan tayi ya tashi daga kashi 7.7 zuwa 20.2. Wasu ɗakunan gwaji, har da na Lo, sun gwada a 2005 ba su ga tashi mai yawa haka ba, wataƙila don su suna raba jininsu da wuri. Amma da gwajin ya zama kasuwa, jini yana kwana a jirgi da mota, kwalba mai hana fashewa ta zama dole. Takardun Ravgen sun kare gano DNA a samfurin da aka zuba wa irin wannan sinadari. A watan Satumba 2022, a garin Waco na jihar Teksas, aka ci LabCorp dala miliyan 272.5 kan gwaje-gwajen da suka haɗa da MaterniT21 ɗin nan da ya gada daga Sequenom. Alƙali Alan Albright ya ƙara miliyan 100 saboda an ce da gangan aka taka. Natera ma an ci shi dala miliyan 57 a watan Janairu 2024. A majalisar dattawan Amurka Thom Tillis da Chris Coons sun gabatar da ƙudurin gyara sashe na 101 a 2023, kuma shari'ar Sequenom tana cikin misalan da masu goyon bayan gyaran ke yawan kawowa.

Inda maganar ta taɓa sikila

Takardar haƙƙin ƙirƙira ba ta ƙetare iyakar ƙasar da ta ba da ita. Wadda aka yi wa rajista a Amurka ba ta ɗaure ɗakin gwaji a Kano ko Maradi. A Najeriya sai an yi rajista ƙarƙashin dokar 1970, wadda ta ce ƙa'idoji da binciken kimiyya ba ƙirƙira ba ne, kodayake ofishin rajistar cikar takardu kawai yake dubawa, ingancin sai an je kotu. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a duk ƙasashen ƙungiyar. Tasirin waɗancan shari'o'i yana isowa ne ta farashin na'ura, sinadarai da kwalba, da sharuɗɗan lasisin da ke tafe da su.

Kuma gwajin da yankin ya fi buƙata shi ne wanda takardar farko ba ta warware ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila. In uwa AS ce uba kuma AC, ana iya neman C a jininta kai tsaye, tunda ita ba ta da shi, kuma rashinsa ya nuna ɗan ba SC ba ne. In dukansu AS ne, S ɗin da ɗan ya gada daga uba ba ya bambanta da na uwa. Sai an koma ƙirga a wuri guda tak. In kason ɗan tayi kashi 10 ne, ɗa AS zai bar A da S a 50 da 50, ɗa SS zai kai S zuwa 55, ɗa AA zai saukar da shi zuwa 45. Ƙungiyar Lo ta bayyana wannan dabara a 2008. Wahalarta ita ce kwafin wannan wuri guda da ke cikin kwalba ɗaya ta jini 'yan dubbai ne kawai, ba miliyoyin da ake samu in ana ƙirga kuromosom sukutum ba. In kason ɗan tayi ya yi ƙasa, ko fararen ƙwayoyin uwa sun fashe a hanya saboda zafi, tazarar 55 da 50 takan ƙanƙance har ɗakin gwaji ya kasa ba da amsa, a koma ɗibar yankin mabiyiya.